Madam du Kudre, ungozomar da ta zagaya Faransa tana koyar da matan ƙauye

 Kamar yadda muka saba a kowace fitowa ta bikin zagayowar shekarar ƙungiyarmu, mukan ware shafi mu kawo tarihin wata mace da ta daɗe da barin duniya amma aikinta yana da abin koyi. Bana mun tsallaka har Faransa, mun koma baya fiye da shekara 250, mun ɗauko wata ungozoma. Dalili kuwa shi ne maganar horar da mata 'yan sa-kai masu rakiyar naƙuda ta daɗe tana yawo a tarurrukanmu, kuma kullum tambayar da ake tsayawa a kanta guda ce: matar ƙauye da ba ta yi boko ba za ta iya ɗaukar irin wannan horo kuwa? Matar da za mu ba ku labarinta ta shafe fiye da shekara 20 a kan hanya tana nuna cewa za ta iya, muddin an san yadda za a koya mata.

Karatunta a Paris

An haifi Anjelik du Kudre, wadda Faransawa ke rubuta sunanta Angélique du Coudray, wajajen 1712. A zamanin nan, a birnin Paris, mace ba ta zama ungozoma don kawai ta ga dama. Sai ta zauna a ƙarƙashin wata gogaggiya ta yi almajiranci, ta je gaban likitocin fiɗa su yi mata jarrabawa, ta kawo shaidar halin kirki, sannan ta yi rantsuwa. Anjelik ta yi shekara 3 a hannun wata ungozoma mai suna Anne Bairsin, ta ci jarrabawa, aka shigar da sunanta cikin rajistar ungozomomin birni a 1740.

Ba ta daɗe da kama aiki ba rigima ta taso. Likitocin fiɗa na Faransa asalinsu sana'arsu ɗaya da masu aski, kamar dai wanzamanmu da ke yin aski kuma su yi ƙaho. A 1743 sarki ya raba su da aski ya ɗaga darajarsu. Daga nan suka fara ƙyashin koyar da mata, don su ma sun sa ido a kan karɓar haihuwar matan masu hali. Ungozomomin Paris ba su naɗe hannu ba. A 1745 suka haɗa kai suka rubuta takardar koke zuwa sashen likitanci na jami'ar Paris, Anjelik na cikin waɗanda suka sa hannu. Koken ya karɓu, aka buɗe musu darussa. Mu da muka san amfanin haɗa kai, wannan ba zai ba mu mamaki ba.

Da ta so, da sai ta yi zamanta a Paris tana karɓar haihuwa a gidajen manya, tana horar da ɗaliba ɗaya ko biyu, ta tsufa cikin rufin asiri. Amma a 1751 ta bar birnin ta nufi Auvergne, wani yanki mai duwatsu da sanyi a tsakiyar ƙasar, inda talauci ya yi katutu.

Abin da ta tarar a karkara

A ƙauyukan Faransa na lokacin, wadda ke karɓar haihuwa yawanci tsohuwa ce da ta haifi 'ya'ya da yawa, mata suka yarda da ita, limamin cocin garin kuma ya amince da addininta. Abin da limamin ya fi damuwa da shi shi ne ta iya yi wa jariri baftisma idan aka ga ba zai rayu ba. Ilimin jikin mace kuwa, babu wanda ya taɓa koya mata. Idan haihuwa ta zo da sauƙi, shi ke nan, an rabu lafiya. Idan ɗa ya gicciye ko hannu ya riga fitowa, sai a shiga ja da ƙarfin tsiya, wani lokaci har da ƙugiya, a rasa ɗan, uwar kuma in ta tsira ta tsira da raunin da zai bi ta har kabari. Matan da suka riƙa zuwa wurin Madam du Kudre suna faɗa mata lalurar da haihuwa ta bar musu su ne suka sa ta fara ba da darasi kyauta. Duk wadda a cikinmu ta taɓa zama da mai yoyon fitsari ta san irin wannan ƙunci ba sai an fassara mata ba.

To, sai dai darasin farko bai shiga ba. Ɗalibanta mafi yawansu ba sa karatu, da yawa ma ba sa jin Faransancin Paris, yaren yankinsu kawai suke yi. Za ta yi bayani da baki, su gyaɗa kai, gobe a tambaye su babu abin da ya zauna. A nan ne fa ta bambanta da sauran masana na zamaninta. Su sun yanke hukunci cewa matan ƙauye daƙiƙai ne. Ita kuwa ta lura cewa matan nan da hannu suka koyi duk abin da suka iya, kaɗi da saƙa, kwaɓa burodi, tatsar shanu, karɓar haihuwar tumaki. Saboda haka ta ce bari a koya wa hannun.

'Yar tsanar da ta ɗinka

Ta zauna ta ƙera mutum-mutumin mace daga ƙugu zuwa cinyoyi, daidai girman mutum, da yadi da fata da auduga. A na farko-farko ainihin ƙashin ƙugun mutum ta sa a ciki don siffar ta fito daidai. Akwai mahaifa da ake buɗewa, akwai zare da ake ja a nuna yadda bakin mahaifa ke buɗewa a hankali lokacin naƙuda. Ta ɗinka jariri na tsumma mai gaɓoɓi masu lanƙwasuwa, da baki da harshe da hanci da za a iya shafawa a gane, da igiyar cibiya da mabiyiya. Ta yi na tagwaye, ta yi na ɗan wata bakwai. Daga baya ta ƙara soso da ruwa fari da ruwa ja, don ɗaliba ta ga yadda faya ke fashewa da yadda jini ke ɓallewa. Ita da kanta na'ura take kiran abin.

Ga yadda ake karatun. Malama za ta sa jaririn tsumma a cikin mahaifa a wani irin kwanciya, ɗaliba ba ta gani ba. Ɗaliba ta zura hannu ta lalubo, ta faɗi abin da ta taɓa, kai ne, ƙafa ce, ko kafaɗa, sannan ta nuna abin da za ta yi. Ta yi kuskure, a sake. Ta kuma yi, a kuma sakewa, har hannun ya haddace. Kuskuren da a da ake yi a jikin mace mai rai yanzu a jikin tsumma ake yin sa. Majalisar likitocin fiɗa ta Paris ta duba na'urar ta amince da ita, wakilin sarki a Auvergne kuma ya sa aka rarraba ta a garuruwan lardin.

A 1759 ta fitar da ɗan littafinta na taƙaitaccen bayani kan karɓar haihuwa, cikin harshe mai sauƙi, ƙarami yadda zai shiga aljihun riga. A bugun 1769 aka ƙara masa zane-zane 26 masu launi, abin da ba a saba gani ba a littattafan haihuwa na lokacin, domin wadda ba ta karatu ma ta amfana da ido.

Takardar sarki da doguwar tafiya

A watan Oktoba na 1759 Sarki Luwis na 15 ya ba ta takardar izini ta koyar a ko'ina cikin masarautarsa, a 1767 kuma aka yanka mata albashin shekara daga baitulmali. Kada mu ɗauka tausayin mata ne kaɗai ya motsa fada. Faransa na tsakiyar yaƙin da aka yi daga 1756 zuwa 1763, manyan ƙasa kuma sun tsorata cewa jama'a na raguwa, ga shi ana bukatar sojoji da manoma da masu biyan haraji. Madam du Kudre ta gane haka sarai, ta riƙa yi wa hukuma magana da harshen da take ji, wato kowane jaririn da ya rayu ƙarin hannu ne ga ƙasa. Da wannan ta samo wa matan ƙauye abin da da roƙo kaɗai ba za su samu ba.

Daga nan ta hau keken doki da na'urorinta da littattafanta da mataimakanta. Ta koyar a Moulins a 1761, a Bordeaux a 1770, a Nancy a 1774, a Caen a 1775, a Tours a 1778, da sauran garuruwa fiye da 40, har zuwa 1783. Hanyoyin lokacin taɓo ne da ramuka, ga sanyi mai ratsa ƙashi, ita kuma jiki ya yi nauyi, ciwon gaɓoɓi ya kama ta a shekarun baya-baya. Ba ta yi aure ba, ba ta haifi nata ba, laƙabin Madam ɗin ma ɗaukarsa ta yi don aikin yana bukatar kwarjinin matar aure.

Tsarin da take bi a kowane gari shi ne ya fi jan hankalinmu. Kafin ta iso, wakilin sarki zai aika wa limaman coci takarda, kowane ƙauye ya zaɓo mace mai hankali, mai ƙarfi a jika, wadda ake ganin mutuncinta. Karatu kyauta ne, amma ci da masauki sai an nema, wani wuri hukuma ta ɗauka, wani wuri mutanen ƙauyen ko wani mai hali. Ana ƙoƙarin sa ajin a lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, don babu maigidan da zai saki matarsa ana tsakiyar girbi. Aji yakan kai wata 2, safe da yamma, kwana 6 a mako, a ƙarshe a yi jarrabawa a ba da takardar shaida. A wasu larduna har an yafe wa mijin ɗaliba aikin tilas na gyaran hanya don a ja hankalinsa ya bar ta ta je. Bayan ta gama da mata, sai ta tara likitocin fiɗa na lardin ta koya musu yadda ake koyarwa da na'urar, ta bar musu kwafinta, domin aji ya ci gaba kowace shekara bayan ta wuce. A 1780 har makarantar likitocin dabbobi ta Alfort ta je ta koyar, saboda a ƙauyuka da yawa mai duba shanu shi ne kaɗai ɗan ilimin da ke kusa.

Masana tarihi sun ƙiyasta cewa matan da suka zauna a gabanta sun kai tsakanin 4,000 da 5,000, likitocin da ta horar kuma kimanin 500, su ma suka koyar da wasu dubbai.

Abin da take koyarwa

Ba juya ɗa da hannu kaɗai take koyarwa ba. Wani babban sashe na karatun hali ne. Ta hori ɗalibanta da haƙuri, kada su sa mace nishi kafin lokaci ya yi, kada su ja abin da bai shirya fitowa ba. Ta gargaɗe su kada su nuna tsoro a fuska ko su yi raɗa a gaban mai naƙuda, domin idonta na kansu, abin da ta karanta a fuskarsu shi zai shiga zuciyarta. Ta ja kunnensu kada su bar matar talaka a tsakiyar naƙuda don an aiko daga gidan mai kuɗi. Jaririn da ya fito shiru, wanda a da ake ajiyewa gefe a ce ya koma, ta ce a ɗumama shi, a murza shi, a hura masa iska a baki, don da yawansu suna da sauran rai. Sannan ta nanata cewa ungozomar kirki ita ce wadda ta san iyakarta, ta aika a kira likita tun da sauran lokaci, ba ta tsaya kare sunanta ba har a rasa rai.

Gaskiya ɗaya ce, ba duk abin da ta koyar ne ya tsaya har yau ba. Ta yarda da tsaga jijiya a zubar wa mai ciki jini, kamar yadda likitocin zamaninta suka yarda, alhali yanzu an san mai ciki ƙarin jini take nema. Ba ta san ƙwayoyin cuta ba, domin sai a 1847 ne wani likita a Vienna ya nuna cewa wanke hannu na rage mutuwar masu jego. Ilimi tafiya yake yi. Shi ya sa duk horon da za mu yi dole ya fito daga hannun ma'aikatan lafiya na yau, kuma a riƙa sabunta shi.

Ba ta sha da daɗi ko'ina ba. Wasu likitoci sun yi mata ba'a a rubuce, wasu larduna sun ƙi gayyatarta, wasu hukumomin gari sun yi ta jan ƙafa a kan kuɗin masauki da na na'ura. Ita ma ba kanwar lasa ba ce, takan yi ciniki da zafi, ta rubuta wa minista ƙara idan aka raina ta. Ɗalibanta ma sun sha tasu. Yarinya za ta koma ƙauye da takardar shaida, matan gari su ce wace ce wannan da ko goyo ba ta gama ba, su ci gaba da kiran tsohuwar da suka saba da ita. Inda aka zaɓi ɗaliba ba tare da yardar matan ƙauyen ba, takardar takan ƙare a cikin akwati.

Ƙarshen rayuwarta

Tun tana kan hanya ta ɗauki wata yarinya, Marguerite, ta riƙe ta kamar 'yar ɗan uwanta, ta koya mata aikin. Marguerite ta auri likitan fiɗa mai suna Coutanceau da ke cikin tawagar, suka zauna a Bordeaux suna koyarwa, daga baya ta shugabanci gidan haihuwa na birnin. A wurinsu Madam du Kudre ta je ta huta. Juyin juya halin 1789 ya rushe sarautar da ke biyanta, albashi ya tsaya, takardar sarki da a da take buɗe mata ƙofofi ta zama abin ɓoyewa. Ta rasu a Bordeaux ranar 17 ga Afrilu, 1794. Cikakkiyar na'urarta guda ɗaya, ta shekarar 1778, tana nan har yau a gidan tarihin likitanci na birnin Rouen.

Mu kuma fa?

Shekara guda kafin rasuwarta aka haifi Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta naɗa jajoji ta tura su ƙauyuka su koyar da mata a tsarin 'Yan Taru. Matan nan biyu ba su san juna ba, fanninsu ma daban, amma dabarar ɗaya ce: a zaɓi mace daga cikin jama'arta, a koya mata ta hanyar da za ta riƙe, a ba ta alamar girma, a mayar da ita gida. Ke nan abin ba baƙo ba ne a wurinmu.

Sai dai a fahimce mu da kyau. Matan da Madam du Kudre ta horar su ne ke karɓar haihuwa, domin babu asibitin da za a kai kowa. Mu a yau abin da muke magana a kai mai rakiya ce, irin wadda a Turai da Amurka ake kira dula. Ba ta karɓar haihuwa, ba ta allura, ba ta ba da maganin naƙuda, ba ta zura hannu. Aikinta ta bi mai ciki tun daga awo, ta tabbatar an tanadi kuɗin mota da lambar direba da izinin maigida tun kafin ranar, ko da yana kasuwa ko ya yi tafiya. Ta san alamomin haɗari kamar yadda ta san sunayen 'ya'yanta: zubar jini, jijjiga, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, zazzaɓi mai zafi, naƙudar da ta wuce yini ko ta kwana, hannu ko cibiya su riga fitowa, mabiyiya ta ƙi faɗowa. Ta lura da 'yar fari da kunya ke sa ta danne ciwo ta yi shiru a ɗaki. In an isa asibiti ta zauna kusa da ita, ta shafa mata baya, ta ba ta ruwa, ta isar da maganarta ga malamar asibiti cikin ladabi.

Wannan zama kusa da mai naƙuda ba ƙaramin abu ba ne. Wani nazari na 2017 da ya tattara gwaje-gwaje 26 a kan mata fiye da 15,000 ya nuna cewa matan da aka zauna da su ba yankewa sun fi haihuwa da kansu, naƙudarsu ta fi gajarta, kuma an fi ƙarancin yi musu tiyata. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin shawarwarinta cewa kowace mace ta samu wanda ta zaɓa ya kasance tare da ita har ta sauka.

Daga tarihin nan muna roƙon rassanmu su riƙe abu huɗu idan aka zo tattauna maganar. Matan unguwa su ne za su zaɓi mai rakiyarsu, kuma a jawo ungozomomin gargajiya a jiki, a girmama su, don in an ture su gefe su ma za su ture aikin. A sa horon da rani bayan an kai amfanin gona gida, ƙungiya ta ɗauki abinci da kuɗin motar ɗaliba daga asusunmu, kuma a je a gaida mazajensu a yi musu bayani tun da wuri. A nemi ma'aikaciyar asibiti mafi kusa ta koyar da hannu da hoto da kwaikwayo, telolinmu kuma ai ba za su gaza ɗinka jaririn tsumma ba. Na ƙarshe, kowane aji ya fitar da wadda za ta taya koyar da na gaba, don kada aikin ya tsaya ranar da mai tallafi ya naɗe tabarmarsa.

Mun iya tara kuɗin adashe mu sayi injin niƙa, mun iya haɗa jarin man gyaɗa. Kuɗin horar da mace ɗaya a kowace unguwa bai fi ƙarfinmu ba. Duk reshen da ya shirya, ya kawo sunan wadda ya zaɓa wurin sakatariya kafin taro na gaba. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, ya jiƙan waɗanda suka rasu a wajen haihuwa, ya kuma maimaita mana na baɗi. Amin.